Kafin ka goge laftof, fara duba wutarta

Mu da muke sayar da laftof na hannu a nan Kwatano mun san buɗe kwali ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kowace kwamfuta tana zuwa da sirrin mai ita na farko: hotunan iyali, takardun ofis, wani lokaci har bayanan banki. Amana ce a goge su tas kafin a ɗora sabuwar Windows. Amma abin da nake nanata wa yaran shagona shi ne, aikin nan daga soket yake farawa, ba daga filashi ba.

Kayan da suka yi makonni a kwantena suna isowa batirinsu a ƙasa, wasu ma babu ko ɗigo. Batirin lithium kuwa idan ya daɗe a sifili yana iya ƙin karɓar caji gaba ɗaya. Don haka ranar farko ba na bari a taɓa komai. A jona su kawai, a buɗe murfinsu, kada a ɗora wata kan wata saboda zafi. Washegari sai mu ware su kashi uku: masu riƙe caji, masu mutuwa da zarar an zare waya, da waɗanda batirinsu ya kumbura har ya ɗaga madannai. Na ukun nan ba a sake jona su. A cire batirin, a ajiye shi nesa da kwalaye.

Me ya sa duk wannan wahala? Saboda gogewa ta gaskiya a kan tsohon hadis mai juyawa tana cin awanni. In aka ɗauke wuta, batir kuma matacce, aiki ya tsaya a tsakiya, rabin sirrin bawan Allah yana nan. Wannan ma da sauƙi, sai a sake. Mai tsananin shi ne sabunta BIOS. Wuta ta yanke ana cikinsa, laftof tana iya ƙin tashi sam, sai an kai wa mai gyara, ribar kwali guda ta tafi. Shi ya sa Dell ba ta yarda a fara sai caja na jone kuma batir ya wuce kashi 10 cikin 100. Akwai dabarar tsallake wannan sharaɗi, amma ni na hana a shagona. Sauri kan haifi nawa.

Sai lissafin wuta. Caja ɗaya wat 65 ce galibi. Ka jona 20, ka doshi wat 1,300 ke nan, a kan ekstenshan mai siririyar waya. Taɓa ta ka ji. In ta yi ɗumi, rage. Ni biyar-biyar nake jerawa, kuma masu mataccen batir sai an tada janareta nake yin nasu. Kada kuma a cakuɗa caja. Cajar Dell tana da 'yar allura a tsakiyar baki wadda kwamfutar ke gane ta da ita. In ba ta gane ta ba, sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu, kai kana zaton injin ne ya tsufa.

Bayan an gama, ina buga powercfg /batteryreport a kowace, in ga ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa, in rubuta a takarda in manna. Waɗanda za su jima a kanta, a rabin caji nake barinsu.

Ɗan uwa, yawancin masu sayenmu ɗalibai ne da iyayensu suka yi adashe kafin su haɗa kuɗin. In batir awa ɗaya yake yi, ka ce awa ɗaya, ka rage farashi. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, sunanmu shi ne jarinmu.