Laftof ɗin da ta kusa raba mu

Wannan makon mu aka bai wa fili, kuma mun san da yawanku gajeren labari kuke jira ko sharhin littafi. Ku yi mana haƙuri, yau zancen kwamfuta za mu yi, domin saura ƙiris wata laftof ta wargaza zumuncin shekara shida, ta haɗa da kundin gajerun labaran ƙungiyarmu.

Mu uku ne. Tare muka yi foli a nan Kano, tare muka karɓi difloma, tare muka shiga ƙungiyar marubuta. Babu wanda ya karanci kwamfuta a cikinmu. Da zaman jiran aiki ya ishe mu, sai muka yi adashi na wata takwas muka sayi laftof ta hannu, irin wadda ake ƙera wa masu buga gem. An ce mana irinta ce ke ɗaukar aikin haɗa bidiyo da zanen bangon littafi, saboda bayan furosesa tana da wani sashe na musamman mai kula da hoto, wanda ake kira GPU. Da ita muke buga wa mutane rubutu, mu tsara littafi, mu mayar da labari bidiyo. Abin da ya shigo mu raba uku. Autanmu kuwa, idan an tashi daga aiki da daddare, yakan buga gem ɗin ƙwallo. Tun farko mun amince masa da haka.

A ƙarshen damina muka saye ta, kuma har hunturu ya wuce ba ta taɓa ba mu matsala ba. Da bazara ta kama ne aka fara. Fankarta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Saman kibod ya riƙa zafi har yatsa ba ya iya daɗewa a kai. Sai ta fara saiɓi ana tsakar aiki. Daga nan ta koyi sabon hali: ana cikin aiki ta mutu ɗif, ba sallama, kamar an ɗauke wuta.

A daidai lokacin ne ƙungiya ta damƙa mana tsara kundin labaran mutum ashirin da uku, an ma riga an sa ranar ƙaddamarwa. Wasu sun turo nasu ta waya, wasu a littafin rubutu suka kawo, mu muka buga. Wata Laraba da la'asar, muna cikin adana aikin, ta mutu. Da muka kunna, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Kwafin da muke da shi a filas na kwana tara baya ne. Labari bakwai sun tafi.

Nan fa muka juya kan auta. Mu biyu muka haɗe masa kai, muka ce gem ɗinsa ne ya cinye kwamfutar. Ya rantse, muka ce rantsuwa ba ta dawo da labari. Har maganar a sayar da ita a raba kuɗin ta taso. Ya ajiye mana makullin shago ya fita, kwana biyar ba mu ga ƙeyarsa ba.

A kwana biyar ɗin nan mun kashe kuɗi ba kaɗan ba. Mai gyaran farko ko buɗe ta bai yi ba ya ce bairos ne, a yi fomatin. Aka yi, muka biya, washegari ta mutu. Muka sayo faifan nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai, ya ɗan ja mata lokaci, ta sake mutuwa. Mai gyara na biyu ya saurari kukanta ya girgiza kai ya ce, "Oga, bod ɗin ne ya gaji, ku nemi wani." Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da muka saye ta.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne a ƙungiyarmu, marubucin wasan kwaikwayo, wanda ya yi shekaru yana gyaran rediyo da talabijin. Da muka gama kai masa kuka, tambaya ɗaya ya yi mana: "Samari, kun auna zafin jikinta?" Muka ce, "Baba, ai da hannu ma ana ji." Ya ce, "Hannu ba ya ba da lamba. Ku je ku auna, ku rubuta, kuma kada ku canza abu biyu a lokaci guda, don ku san wanne ne ya yi magani."

Muka sauke wata manhaja ta kyauta mai suna HWMonitor, wadda ke nuna zafin kowane sashe na kwamfuta. Muka ware shafi a littafin da muke rubuta bashin kwastomomi. Ba ta aikin komai, furosesa tana kan digiri 71. Muka sa ta fitar da bidiyo, cikin minti huɗu ta haura 95, ta tsaya tana lilo tsakanin 98 da 100, sai ta mutu. Sau uku muka maimaita, sau uku hakan ta faru.

A nan muka gane abin da ya kamata mu sani tun farko. Yawancin furosesoshin laftof iyakarsu wajen digiri 100 ce. Idan furosesa ta kusanci nan, da kanta take rage gudu don ta huce, wannan shi ne saiɓin da muke gani. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ashe duk mutuwar nan da muke tsine mata a kai, ranta take ceta. Mun kuma koyi cewa mutuwa kala-kala ce. Idan shuɗin allo ya fito da rubutu kafin ta mutu, sau da yawa a manhaja ko a RAM ake fara neman matsalar. Idan kuwa ɗif take yi ana tsakar aiki mai nauyi, to zafi da wuta ake fara tuhuma. Don haka muka duba caja ma, tunda irin waɗannan laftof ɗin na cin wuta sosai, ƙaramar caja mai wat 65 ba ta riƙe su. Tamu ta asali ce mai wat 180, muka cire ta daga zargi.

Sai muka koma wajen Baba da lambobinmu. Ya ɗauki biro ya zana mana yadda abin yake. A kan furosesa da GPU akwai faranti na jan ƙarfe, daga shi bututai sun tafi zuwa gefen laftof. A cikin bututan akwai ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi ya kwashi zafi, ya kai shi wajen wasu siraran ƙarafa da aka jera kamar haƙoran mataji. Fanka na zuƙo iska ta ƙasan laftof, ta hura ta tsakanin haƙoran, zafi ya fita waje. Tsakanin furosesa da farantin kuma akwai wani maiko mai ruwan toka da masu gyara ke kira fes, shi ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya ratsa. Duk inda hanyar nan ta toshe, zafi a ciki zai kwana. Ya ƙara da cewa yawancin kamfanoni zafin ɗaki har digiri 35 suke rubutawa a takardar laftof, mu kuwa a Afrilu Kano kan taɓa 40, shagonmu kuma kwano ne ba silin.

A gabansa muka buɗe ta. Ya sa muka zare caja, muka cire wayar batir daga bod kafin mu taɓa komai, muka jera notina a kan takarda yadda muka kwance su. Da muka ɗaga fankokin, wallahi sai da muka ji kunya. Tsakanin fanka da haƙoran nan ƙura ta dunƙule ta zama kamar audugar tsohuwar katifa, ana ɗaga ta da yatsa ɗungurungum. Duk ƙurar hunturun da muka sha, ita ma ta sha, ba ta da bakin yin tari ne kawai. Cikin fankoki biyu ɗaya da ƙyar take juyawa. Fes ɗin kuwa ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo.

Muka share ƙurar da tsohon buroshin haƙori, muka hure sauran, Baba na riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Muka goge tsohon fes da sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke bod da shi, muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ɗayanmu ya kai hannu zai ɓare wasu 'yan taushafan faci da ke gefe yana zaton datti ne, Baba ya buge masa hannu. Su ma aikinsu kwashe zafi ne daga ƙananan sassan da ke kewaye, idan aka cire su an buɗe wata sabuwar matsala. Notinan farantin suna da lamba a jikinsu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna ɗaurewa sannu a hankali. Fankar da ta gaji kuma muka sayi wata, kuɗinta bai kai na faifan da muka sayo a banza ba.

Muka sake aunawa: tana zaune 49, tana fitar da bidiyo 84. Awa biyu ba ta mutu ba. Sannan muka gwada wata dabara a saitin wuta na Windows, inda ake iya rage iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99. Wannan na hana ta yin gudun wuce sa'a. Aiki ya ɗan ƙara jinkiri, amma zafi ya sauko zuwa 76. Da rana tsaka a haka muke barinta, da daddare mu mayar.

Yanzu ga inda maganar take. Muka kira auta ya zo ya buga gem ɗinsa muna aunawa, don mu tabbatar masa da laifinsa da lamba. Ya zo fuska a ɗaure. Kafin ya kunna, sai muka ga ya zaro murafen lemo guda biyu daga aljihu ya tokare bayan laftof ɗin da su a kan tebur. Ya ce kullum haka yake yi don ta sha iska, kuma tuntuni ya taƙaita gem ɗin a kan hoto 60 a daƙiƙa. Minti arba'in yana bugawa ba ta wuce 79 ba. Bidiyonmu ya fi gem ɗinsa dafa ta. Sai ya tambaye mu, "Yaya, idan kun tafi da ita gida, a ina kuke ɗora ta?" Muka kalli juna. A kan katifa muke rubutu, wani lokaci a kan filo, mu kwana muna bugawa, ƙofofin iskar duk a toshe, tana zuƙar zaren bargo. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango nasa. Muka ba shi haƙuri a gaban Baba, muka mayar masa da makullinsa.

Labarai bakwai ɗin nan, shida mun same su, masu su sun sake turowa. Na bakwai na wata baiwar Allah ne, matar aure, wadda ta kawo nata a takardu. Bayan mun buga mun mayar mata, yara suka yi wasa da su. Da muka je muka faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce za ta sake rubutawa daga ka. Ta rubuta, ya shiga kundin, an ƙaddamar bayan ɗage ranar da mako biyu. Amma ta gaya mana cewa akwai wani sakin layi a na farkon da ta kasa tuno yadda ta faɗe shi. Wannan har yau yana ci mana rai, kuma ba zafi ne ya jawo shi ba, sakacinmu ne na rashin ajiye kwafi.

Yanzu duk aikin da muka taɓa, kafin mu tashi sai mun ajiye shi a filas da kuma Google Drive. Laftof ba ta hawa katifa. Muna buɗe ta mu share duk bayan wata uku, da kuma ƙarshen hunturu kafin zafi ya shigo. Wanda bai saba ba kada ya buɗe tasa shi kaɗai, ya nemi wanda ya iya ya tsaya a kansa. Idan kuma ya ga batir ya kumbura, ya daina amfani da ita har sai an canza. Amma kafin ka yarda a yi maka fomatin, ko a ce maka bod ya mutu, ko ka zargi ƙaninka, auna zafin ka rubuta lambar.

Wanda tasa ke irin wannan hali ya faɗa mana lambar da ya gani tana zaune da kuma tana aiki, mu duba tare.