Keke Ma Da Awonsa

Mai karatu, in ka kai yadi wurin tela, ba ya sa almakashi sai ya auna ka. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsawo. Amma in mutum ya shiga kasuwa sayen keke, sai ka ga ya latsa taya, ya kaɗa ƙararrawa, ya dubi fenti, ya ƙirga kuɗɗi ya biya. Ba ya tambayar awo. Alhali keke ma da awonsa, kuma awon nan cikin ƙarfen jikinsa yake. Taya ana canza ta. Sarƙa in ta tsinke a sa wata. Ƙarfen jiki kuwa, wanda zan riƙa ce ma ƙashin keke, yadda aka walda shi tun farko haka zai ƙare.

Akwai wani irin keke da nake son in yi maka zancensa. Wataƙila ka taɓa ganinsa cikin kekunan gwanjo da ake kawowa daga ƙasashen waje. Gajere ne, mai kaurin ƙarfe. Sirdinsa can ƙasa. Ƙahonsa, wato inda kake riƙewa, yana da wani ƙarfe a gicciye. Ba shi da wurin ɗaure kaya, ba shi da giya. Sunansa BMX.

Asalinsa Kalifoniya ne, cikin Amurka, wajen shekarar 1970. Yaran can suka ga manya suna tseren babur bisa tuddai da taɓo. Su ba su da babur, sai suka riƙa kwaikwayo da kekunansu. Keken da suka fi hawa shi ne Sting-Ray, wanda kamfanin Schwinn ya fito da shi a 1963, mai ƙananan tayoyi. Wasan yara ya girma har ya shiga gasar Olamfik a 2008, a Bejin ta ƙasar Sin. Macen da ta fara cin zinariya ƴar Faransa ce, Anne-Caroline Chausson. A 2024 kuma, a gasar Paris, cikin maza Faransawa uku ne suka ɗauke na ɗaya da na biyu da na uku. Mutum 8 ake jerawa bisa wani tudu, a saki ƙyaure, su gangaro. Filin galibi metir 300 zuwa 400 ne, duk tuddai da kwana, kuma ba a cika minti guda an ƙare. Ka riƙe wannan, don shi zai gane maka da duk abin da ya saura. Keken nan don gudun da bai kai minti guda ba aka ƙera shi.

To, yara ba sa dawwama yara. Da suka yi tsawo, wasu suka ga ƙaramin keken ya yi musu kaɗan. Ƙarshen shekarun 1970 aka fara tsere da manyan kekuna masu tayar inci 26, daga baya aka zauna bisa inci 24. Shi ne ake ce ma kuruza. Inci guda santimetir 2 ne da rabi, da ɗan ɗoriya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ke ƙasar Suwis, ta raba su da awo: tayar da ba ta wuce santimetir 57 ba ta ƙaramin BMX ce, daga nan zuwa santimetir 66 kuruza ce. A Olamfik ƙaramin kaɗai ake hawa.

Yaya za ka bambanta su a kasuwa? Duƙa ka karanta gefen taya. In ka ga 20, ƙarami ne. In ka ga 24, kuruza ce. Akwai kuma wata lamba mai alƙaluma uku: 406 ta ƙarami, 507 ta kuruza. Ka rubuta wannan lamba ka ajiye. Akwai wata taya da ita ma ake rubuta mata 24, amma lambarta 540. Ko kai da mai gyara kun kwana kuna fama, ba ta zama bisa ƙafar kuruza.

Yanzu mu je ga awon ƙashi. Babban keken da muka sani tun kakanni, irin su Raleigh da Phoenix mai tayar inci 28, tsayinsa ake dubawa: ƙafata za ta kai ƙasa? BMX ba haka ba ne. Shi kowa ƙafarsa tana kai ƙasa. Abin da ake aunawa shi ne sandar sama, wadda ta tashi daga wuyan keke zuwa gindin sirdi, ita dai sandar nan da ake ɗora yaro bisanta. Ka auna daga tsakiyar wuya zuwa tsakiyar bututun sirdi. A ƙaramin BMX na manya za ka samu wajen santimetir 52 zuwa 55. A kuruza ta manya wajen 54 zuwa 56. Na yara sun fi haka gajarta. Za ka ce, santimetir biyu ko uku, mi ke ciki? Ai takalmi ma santimetir guda ke raba mai daɗi da mai cizo.

Wani maƙwabcina ya taɓa saya ma ɗansa ƙaramin BMX, don yaron ya dame shi da kuka. Yaro ne ɗan shekara 14, dogo kamar kara. Kullum ya taka, gwiwa ta bugi ƙaho. Lakwal ɗinsu da nisa, sai ya riƙa tafiya a tsugune, kamar mai wanki. Wata biyu bai cika ba ya fara kukan ciwon gwiwa, keken ya koma jingine cikin zaure. Uban ya ce yaran yanzu ba su san darajar kuɗɗi ba. Ni ban ga laifin yaron ba. Keken ɗan shekara 9 aka saya masa. Da kuruza aka samu, mai doguwar sanda, da ya more ta shekaru.

Ga yadda ake gwadawa. Mai hawa ya miƙe tsaye bisa feda, wani ya riƙe masa keken. Hannu ya ɗan lanƙwashe kaɗan, gwiwa kada ta kusanci ƙaho ko da an karkata shi. In sai ya miƙa jiki kamar mai jan guga kafin ya kama ƙaho, sandar ta yi masa tsawo.

Na ce ya miƙe tsaye, don a tsaye ake tuƙa keken nan. Ka ga mahayin doki ranar sukuwa? Ba ya zama bisa sirdi, bisa likkafa yake tashi, doki yana aiki ƙarƙashinsa. Haka ɗan tseren BMX. Shi ya sa aka danne sirdi ƙasa, kada ya buge shi wurin tsalle. Kai kuwa da za ka yi kilometir 5 ko 10, dole ka zauna. Sai ka ɗaga sirdi. Zauna, ka ɗora diddige bisa feda tana can ƙasa. In ƙafa ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Amma ka kula. Jikin ƙarfen sirdi akwai wani zane da aka yi, alamar iyaka. Kada ka fito da shi har zanen ya bayyana. In ƙarfen ya gaza, nemi dogo. Na ga masu barin ɗan yatsa biyu kawai cikin bututu, su ɗaure da kusa su hau. Nauyin mutum yana ta lanƙwasa bakin bututun, wata rana ya tsage.

Akwai wani awo da ba a cika lura da shi ba, kuma ni shi ya fi burge ni. Dubi cibiyar keke, inda hannuwan feda ke juyawa. A ƙaramin BMX tana wajen santimetir 29 daga ƙasa, alhali tsakiyar taya tana wajen 25. Ka ga ke nan cibiya ta fi tsakiyar taya tsayi, mai hawa yana tsaye bisa tayoyi. Shi ya sa keken ke da saurin tashi, kana jan ƙaho gaba ya ɗaga. A kuruza cibiya ba ta ƙaru da yawa ba, wajen santimetir 30 ce, amma tsakiyar taya ta hau ta tarar da ita. Mai hawa ya koma tsakanin tayoyi. Da ka hau za ka ji bambancin a jikinka: kuruza ta fi natsuwa, ba ta da zalama. Ga shi kuma babbar taya ba ta faɗawa kowane ɗan rami, ba ta saurin nutsewa cikin rairayi. Abin da ta rasa shi ne zafin tashi daga tsaye, ɗan tsere ne wannan ya dama. Mu da hanyoyinmu jar ƙasa ce da yashi, ni ina bayan kuruza.

Wuyan keke ma ba a miƙe yake sak ba, ya ɗan kishingiɗa baya. Bango a miƙe digiri 90 ne. Wuyan BMX na tsere yana wajen 73 ko 74. Na babban keken kakanni bai kai 70 ba, shi ya sa yake tafiya salun-alun da buhun hatsi a baya, har ka saki hannu. BMX kana taɓa ƙaho ya juya. Sandunan baya kuma, daga cibiya zuwa tsakiyar tayar baya, gajeru ne, ba su cika wuce santimetir 40 ba. In ka sa maƙeri ya haɗa maka wurin kaya ka ɗora jarka biyu na ruwa, nauyin zai zauna bayan taya, gaba ya riƙa shawagi. Gaskiya ɗaya ce: mai neman keken kai kaya kasuwa ya wuce BMX, ƙarami da babba. Dokin sukuwa ba ya aikin jaki.

Ƙaho fa? Na ƙaramin BMX dogo ne, yana tashi wajen santimetir 20, don gaban keken ƙasa yake. Na kuruza 13 zuwa 15 ya isa, tunda babbar taya ta riga ta ɗaga gaba. Cikin gwanjo ana yawan cakuɗa su, a ɗora ma kuruza dogon ƙaho. Sai ka ga mai hawa ya yi baya, tayar gaba ba ta kama ƙasa, a kwana ta zame. Wurin ɗaurewa, tsaya a gefe ka duba: ƙaho ya bi layi ɗaya da gwafar da ke riƙe tayar gaba. Kada ya rusuna gaba, kada ya kwanto baya.

Tunda ba giya, sai ka ƙirga haƙora. Ƙaramin BMX na tsere an saba sa masa faranti mai haƙora 44 a gaba, 16 a baya. Kuruza 41 da 18. Duka biyun, in feda ta zagaya sau ɗaya, keke ya ci wajen metir 4 da santimetir 40. To, a ce wani ya ɗauki 44 da 16 ya sa ma kuruza. Zagaye guda zai zama metir 5 da wani abu. Bisa kwalta da daɗi, amma cikin yashi yaro zai taka har jijiyar wuya ta fito. In ka ji keke ya yi nauyi, kada ka yi saurin cewa ya lalace. Sa a ƙara haƙoran baya. Bayan nan a ja tayar baya har sarƙa ta miƙe, a bar mata wasa kamar santimetir guda in ka danna tsakiyarta da yatsa. Iska kuma, ƴan tsere suna cika ta tam don filinsu a daɓe yake. Kai rage kaɗan in hanyarka yashi ce. Tsidau dai ba ruwansa da awo, sai ka saba da mai faci.

Kada ka manta fa, keken gwanjo wani ya riga ya yi tsalle da shi. Ranar saye ka tafi da abu uku cikin aljihu: metir ɗin tela, zare mai ƙarfi, da mayen ƙarfe. Goge ƙura ka dubi duk inda aka walda, musamman ƙarƙashin wuya. In fenti ya yamutse a nan, ko ka ga wani siririn layi kamar gashi, keken ya taɓa cin karo. Bar shi, komi arharsa. Sai ka manna mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai walda na bakin hanya yana iya gyara shi. In bai kama ba, galibi alminiyam ne. Ba shi da nauyi, amma in ya tsage ba kowane mai walda ke da injinsa ba. Sannan ka ɗaura zare a gefe ɗaya na tsakiyar tayar baya, ka zagaya da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a ɗaya gefen. Auna tazarar zare da bututun sirdi, dama da hagu. In ba su zo daidai ba, ƙashin ya karkace, kuma keken zai riƙa ja gefe guda yana cin taya.

Saura birki. Yawancinsu na baya kaɗai gare su, don a filin tsere ba mota, ba akuya, ba kabu-kabu. Hanyar lakwal kuwa duk akwai su. Dubi saman gwafa, in da rami, sa mai gyara ya haɗa birkin gaba tun kafin yaro ya fita da keken. Hannun birkin kuma a matso da shi kusa da ƙaho, yadda yatsun yaro za su kai ba tare da ya saki riƙo ba.