Tagar Lambu a Madafin Gidan Haya

A cikin ɗakunan gidan zamani babu wanda ake tauye wa haƙƙi kamar madafi. Mai gini zai ɓata kwanaki yana shawarar faɗin falo da launin fentinsa, amma in an zo kan ɗakin girki sai a yanko masa abin da ya rage na fili, a huda masa 'yar taga can sama kusa da silin. A gidajenmu na gargajiya wannan bai zama matsala ba, domin murhu a tsakar gida yake, hayaƙi na tashi iska na kwashewa. Da muka koma gidajen bulo sai muka shigar da murhun cikin ɗaki, muka bar iskar a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida, wadda galibinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2. Mafi yawan masu shaƙar wannan hayaƙi kuwa mata ne da 'ya'yan da ke goye a bayansu.

A ƙasar Ingila an taɓa ɗora haraji a kan tagogi, tun daga 1696 har zuwa 1851, har wasu masu gidaje suka riƙa toshe nasu da tubali don gudun biya. Mu babu wanda ya sa mana irin wannan haraji, amma tsoron ɓarayi da tsadar kayan gini sun sa muna toshewa da kanmu.

Irin wannan madafi muka tarar a gidan da muke haya a Ibadan. Uwargida kan kunna fitila da rana tsaka kafin ta iya tsince shinkafa, in an ɗauke wuta kuwa sai ta fito da faranti bakin ƙofa. Wannan ya sa na ƙudura niyyar yi mata abin da ake kira tagar lambu, wato taga mai siffar akwati wadda ke turowa waje daga jikin bango, da gilashi a gabanta da gefunanta biyu da kuma samanta, sa'annan da kanta a ciki inda ake jera tukwanen shuka. An fi saninta a gidajen Amurka, inda sukan kafa ta a saman wurin wanke-wanke.

Da na kawo maganar, uwargida ba ta yi wani ɗoki ba. Cewa ta yi, "Malam, ni iska nake nema, ba furanni ba. Kuma gidan nan ba namu ba ne. Ranar da za mu tashi, da tagar za mu tafi?" Tambayar tana da nauyi, domin kuɗin aikin zai ci kaso mai tsoka na albashin wata, ga kuɗin makarantar yara na tafe. Mai gidan, wani dattijo Bayarabe, shi ma ya faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ya yarda a fasa bango, amma ba zai rage ko kwabo daga kuɗin haya ba, kuma abin da aka manna a jikin gini ya zama na gini. Na amince, muka sa hannu a takarda.

Mutum uku suka yi aikin: birkila da mai walda da mai gilashi. Birkilan ya ba da shawarar kada a ƙara faɗin tsohuwar tagar, domin kada a taɓa lintar da ke ɗauke da nauyin bangon sama. Sai aka bar faɗin a kan ƙafa 4, aka sauke layi biyu na bulo daga ƙasa, tsayin ya koma ƙafa 3. Mai walda ya ƙera ƙarafa biyu masu kusurwa, aka dasa su a bango da siminti don su tallabe akwatin, wanda ya turo waje da inci 16. Firam ɗin na alminiyom ne saboda ba ya tsatsa, gilashin kuma mai kaurin milimita 6. Aka bar sandunan tsaro daga ciki, aka yi musu ƙofa mai kwaɗo yadda hannu zai kai ga shuke-shuken.

Bangon yana fuskantar gabas, abin da ke da amfani da kuma haɗari. Amfaninsa shi ne hantsi mai taushi, ba zafin yamma mai ƙona ganye ba. Haɗarinsa kuwa, hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yakan taso da iska mai ƙarfi, ga shi damina a nan takan kama tun daga wajen Maris har Oktoba. Don haka aka karkata gilashin sama domin ruwa ya gangare, aka soka fallen kwano a bango ya rufe mahaɗar, aka bi kowace kafa da silikon, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gefunan biyu kuma aka yi su masu buɗewa, da raga saboda sauro, domin akwatin gilashi in ya rufu ruf, dafa shuka yake yi.

Ba kowace shuka ce ke zama a irin wannan wuri ba. Tumatir da attaruhu suna son rana ta wuni guda da fili mai yalwa, sai muka bar su a bayan gida. Muka sa na'a-na'a a tukunyarta ita kaɗai, domin saiwarta kan mamaye ta maƙwabta. Muka sa ɗoɗɗoya, wadda Yarabawa ke kira efirin, da albasa mai lawashi, da lansir wanda cikin mako biyu ake fara yankarsa. Kowace tukunya da huda a gindinta, kuma ana zubar da ruwan farantin da ke ƙarƙashi, kada a yi wa sauro gidan ƙwai.

Yanzu ba a kunna fitila a madafin sai magariba ta gabato. Tururin tuwo yana samun hanyar fita, baƙin danshin da ke kwance a kusurwar silin ya daina yaɗuwa. Uwargida ba ta ce komai ba game da muhawararmu, amma na lura ta mayar da kujerarta kusa da tagar, a nan take yanka kuɓewa, a nan ƙaramar 'yarmu ke karanta mata aikin makaranta. Ita ce kuma ta aika aka kawo mata irin lansir daga gida.

Tambayarta dai tana nan: da tagar za mu tafi? Ba za mu tafi da ita ba. Mu 'yan Arewa mazauna Kudu, malamai da ɗalibai da 'yan kasuwar Sabo, mun saba cewa baƙo raɓa ne, sai mu yi ta ɗage gyaran wurin zamanmu zuwa ranar da za mu koma gida mu yi ginin kanmu. Ana nan sai shekara goma ta wuce, yara su girma, idon uwarsu ya raunana a cikin duhu da hayaƙi. Gidan na dattijo ne, wannan gaskiya ne, amma shekarun da ake ci a cikinsa namu ne. Wanda duk ya gaje mu a hayar, matarsa za ta tsince shinkafarta a cikin haske, mu kuma mu ɗauki tukwanenmu mu yi gaba.