Kwando Goma Sha Biyu da Kuɗin Cefane

Marubutan Bishara huɗu duka sun ba da labarin ciyar da mutum dubu biyar, amma Yahaya ne kaɗai, a sura ta 6, ya gaya mana cewa Ubangiji Yesu da bakinsa ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka ragu don kada wani abu ya lalace. Na daɗe ina jinjina wannan umarni. Wanda ya ƙosar da taron nan da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu ba ya cikin ƙuncin abinci, da ya so da washegari ya sake yin haka. Duk da haka bai yarda a tattake ragowar a cikin ciyawa ba. Aka tsince, aka cika kwando goma sha biyu. Kafin wannan ma akwai lissafi a wurin. Filibus ya dubi taron ya ƙiyasta cewa gurasar dinari ɗari biyu ba za ta ishe su ba, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan aikin yini na ɗan ƙwadago a zamanin. Irin lissafin da uwa take yi ke nan da asuba, kuɗin cefane a tafin hannunta, bakunan da za ta ciyar kuma a zuciyarta.

Wannan lissafi ya yi tsanani a gidajenmu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, sannan darajar naira ta faɗi a makonnin da suka biyo baya, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu da kowane kwandon tumatir. A tsakiyar 2024 alkaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mai aikin kiwon ikilisiya ba ya bukatar alkaluma kafin ya sani. Ana gani a ziyara, inda ake ba baƙo haƙuri da ruwa kaɗai a gidan da a da sai an tilasta masa ya ci tuwo. Ana gani a yaran makarantar Lahadi da suke gyangyaɗi tun da hantsi. Ana kuma ji a shari'o'in aure da suke zuwa gaban dattawa, waɗanda idan aka bi diddiginsu sai a tarar daga bakin murhu suka taso.

A nan zan fara da mu maza. Akwai magidancin da kuɗin cefanen da yake ajiyewa a kan tebur bai canza ba shekara uku, amma da dare yana juya miya da cokali yana neman nama. Ɗan'uwa, yaushe rabonka da shiga kasuwa? Ka bi uwargidanka ranar kasuwa sau ɗaya, ka riƙe mata jaka, ka ji farashin mudun wake da kunnenka. Tsimi aikin gida ne duka, kuma ba ya yiwuwa sai miji da mata sun zauna da biro da takarda sun rubuta abin da yake shigowa da abin da yake fita. Gidaje da yawa sun san kuɗin makaranta da kuɗin haya har kwabo, amma ba su taɓa tara abin da suke kashewa a wurin mai tireda cikin wata guda ba.

A wurin mai tireda kuwa kuɗin talaka yake tsiyayewa. Ƙullin man gyaɗa, ƙullin sukari, ledar tumatir, ledar madara, ledar omo, kowanne da ɗan kuɗinsa da bai kai a damu ba. Amma duk wanda ya ƙulla ya ɗora ribarsa, har ledar ma kai ne kake biya. Mai hali yana sayen galan, marar hali yana sayen cokali, a ƙarshen wata kuwa marar halin ne ya biya mafi tsada a kan man da bai kai na wancan yawa ba. Ba na zargin wanda yake yin haka. Mai aikin yini da aka sallama da yamma ba shi da kuɗin galan, kuma wa'azin tsimi da bai san da wannan ba ƙarin nauyi ne kawai a kan wanda ya riga ya durƙusa. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, gida biyar za su iya. A wurare da dama na ga matan Zumunta suna haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa ko jarkar manja su raba a harabar majami'a da mudu ɗaya da kowa ya amince da shi, kuma bambancin farashin yakan isa ya sayi sabulu da gishirin wata.

Lokacin saye ma yana da nasa hukunci. Masara da gero da dawa suna araha da kaka, suna tsada a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon amfani kuma bai nuna ba. 'Yan kasuwar da suke cika motoci a Saminaka da Dawanau daga Oktoba zuwa Disamba da wannan ilimi suke cin abinci. Mu kuwa a daidai watannin nan muke zuba abin da muka samu a ɗinkin Kirsimeti, sa'an nan mu sayi hatsin nan da tsadarsa a watan Yuli. Ba na ƙin sabon kaya ranar haihuwar Mai Ceto, amma yaro zai iya zuwa sujada da rigar bara, ba zai iya zuwa makaranta da tuwon bara ba.

Sai dai ajiyar hatsi tana da haɗarinta, kuma a nan nake roƙon a saurare ni da kyau. Don gudun ƙwari, wasu suna yayyafa wa wake maganin feshin gona ko na kashe sauro. Guba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa, abin da wasu suka ƙi saya kuwa shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Akwai hanyar da ba ta bukatar magani. Buhun da ake kira PICS yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sukan mutu don rashin iska. Jarka mai tsabta da murfi mai kamawa sosai ita ma tana yin wannan aiki idan an cika ta har baki. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe ƙarau, yadda in ka ciza zai yi ƙara. Masara ko gyaɗar da aka ajiye da danshi takan yi fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe wannan dafin. Arahar da za ta kai iyali asibiti ba araha ba ce.

Wani zai ce, Fasto, ba an hana Isra'ilawa ajiye manna ba? Gaskiya ne. A Fitowa 16 wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari, in ban da daren Asabar. Amma a Farawa 41 Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi, kuma ta haka aka ceci Masar da gidan Yakubu. Allah ɗaya ne a wuraren biyu. A jeji yana koya wa mutanensa su dogara gare shi kowace safiya, wanda ya ɓoye manna kuwa ya yi ne don bai gaskata gobe za ta sauko ba. A Masar tanadin ne kansa hanyar da Allah ya bi ya ciyar da mutane, ɗakunan ajiyar kuma an buɗe su da yunwa ta zo. Buhu uku da ka ajiye don iyalinka su ƙetare damina tanadi ne. Buhu ɗari uku da ka kulle kana addu'a a ɓoye farashi ya ninka, wannan Karin Magana 11:26 ta riga ta faɗi abin da jama'a za su yi wa mai shi, ba albarka ba ce kuwa.

Mahaifiyata ba ta san dunƙulen Maggi ba sai da ta manyanta, miyarta kuwa har yau ban ci wadda ta fi ta ba. Da bazara takan tara kalwa daga 'ya'yan ɗorawa, ta dafa ta kusan yini guda har ɓawon ya yi laushi, ta surfa a turmi, ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye ta ajiye a ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku warin da kansa yake sanar da maƙwabta cewa ta yi. Sai a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana, daddawar wata da watanni ta samu ke nan. Dunƙulen kanti yawancinsa gishiri ne da sinadarin ɗanɗano, daddawa kuwa abinci ce mai gina jiki. Inda ɗorawa ta yi wuya, kuma tana ƙara wuya don muna sare ta muna ƙona gawayi, waken suya yana maye gurbin kalwa, kamar yadda matan Kudancin Kaduna suka daɗe suna yi. Abin da yake ba ni baƙin ciki shi ne 'ya'yanmu da suka yi makaranta suna jin kunyar warinta. Yarinya za ta iya lissafa sunayen kayan kanti goma, amma ba ta san yadda ake shanya kuɓewa ba, laifin kuwa ba nata ba ne, ba a koya mata ba.

Waken suyan nan dai baiwa ce ga gidan da nama ya yi wa nisa. A jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse, ga awara. Dusar ma kaji za su ci. In an soya shi sama-sama tare da gyaɗa da gero ko masara aka niƙa, an sami garin kunun yara wanda zai tsaya a madadin na gwangwani da kuɗinsa ya fi ƙarfin albashi. Tumatir da tattasai suna zubewa a kasuwa da rani sa'ad da amfanin fadama da na noman rani ya fito, har wani ya ruɓe a kwando, da damina kuwa sai a ƙirga maka guda huɗu kamar zinariya. Wadda ta yanka ta shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar titi, ita ce take dariya a watan Yuni. Zogale biyu a bayan ɗaki, rama da yakuwa a tsohon buhu cike da ƙasa, ko gidan haya ne suna yi.

Ba kowane abin gida ne ya fi araha ba, kada mu ruɗi kanmu. Matsar man gyaɗa a gida, in an haɗa kuɗin gyaɗa da niƙa da itace, ba ya biya sai in za a ci ƙuli-ƙulin ko a sayar. Kuma duk waɗannan ayyuka a bayan mace ɗaya suke sauka, wadda wataƙila malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya da ta dawo a gajiye. Mukan karanta Karin Magana 31 a ranar mata mu yaba wa macen da take tashi tun da sauran dare, amma mukan tsallake cewa tana da barori mata da take raba wa aiki. Matan namu ba su da su. Suna da mu da samarin da muka haifa, hannun namiji kuwa ba ya karyewa don ya ɗauki markaɗe zuwa inji.

Ikilisiya ita ma ta dubi kanta. Me ya sa taron kwamiti na awa biyu sai an sayo katan na lemon kwalba daga baikon gwauraye? Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya ba su rage wa taro daraja ba, kuɗinsu kuma a hannun wata 'yar'uwa a cikinmu zai tsaya. Bikin aure da na jana'iza sun zama gasa, iyalin da suke makoki suna cin bashi don ciyar da masu ta'aziyya, alhali mu ne ya kamata mu shigo musu da kwano.

Akwai tsimin da zunubi ne, kuma ya fi sauƙin kama mu masu zuwa sujada. A babban kanti mukan biya abin da aka liƙa a jikin kaya ba musu. Da mun fito sai mu tsaya a kan tsohuwar da ta taso daga ƙauye da ƙafa da daurin alayyafo a ka, mu yi ta kushe kayanta har ta sallama a ƙasa da abin da ta kashe, don rana ta yi kuma ba ta iya komawa da shi. Karin Magana 20:14 ta zana wannan mai saye sarai, yadda yake raina kaya a gaban mai shi, in ya juya baya kuma ya yi ta fariya da cinikin da ya yi. Annabi Amos ya tsawata wa masu rage mudu, na tabbata Allah da yake duban mudun mai sayarwa yana duban bakin mai saye. A yi ciniki, al'adarmu ce, amma a san da wa ake yi. Dokar Musa ta hana manomi girbe gonarsa har gefe, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo, da wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Ƙididdigar gidan mai bi tana bukatar irin wannan gefe da ba a girbewa.

Saboda haka idan gidaje suka haɗa kuɗi da kakar bana don sayen buhu, ina roƙon a ƙirga da wadda ba ta da abin zubawa. Kowace ikilisiya ta san su: gwauruwar da take zama a bencin baya, da iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suka bar gona ba girbi. Kafin a fara rabo a auna nasu mudun a ajiye gefe, a aika wani ya kai musu gida da yamma, ba tare da an kira sunansu a sanarwar Lahadi ba.