Labarin Garin Dambatta

Ya ku 'yan makaranta, mun lura da wani abu game da ku wanda ya dame mu. In muka tambayi yaro labarin Rum ko Landan, sai ya zuba kamar ruwa. In kuwa muka ce ya faɗi wanda ya kafa garinsu, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki ƙaramin gari guda na ƙasarmu, watau Dambatta, mu nuna muku abin da ke cikinsa.

Dambatta tana arewa da birnin Kano, bisa hanyar Kazaure da Daura. Baƙon da ya ratsa ta cikin mota ba zai ga kome ba sai gidaje da gonaki. Amma ƙasar nan ta ga ƙurar dawaki. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi cikin 1804, malaman Fulani na Kano suka amsa kiransa, cikinsu har da Malam Dabon Dambazau, shugaban Dambazawa. A nan arewacin Kano, a wani wuri da ake kira Ɗanyaya, aka yi gwabzawar da ta karya rundunar Sarkin Kano Alwali, wajen 1807. Daga nan Alwali bai sake zama daram a gadonsa ba, har aka kashe shi a Burumburum.

Kada ku rikita Dabon Dambazau da Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya hau sarautar Kano cikin 1819. Suna ne ya zo ɗaya, gida kuwa kowa da nasa. Dabon Dambazau sarautar Sarkin Bai ya riƙe, ta kuwa zauna a gidansa. Sarkin Bai yana cikin manya huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki, da Makama, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, aka umurci hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu, Dambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai. Alhaji Muhtari Adnan ya riƙe sarautan nan tun 1954 har Allah ya yi masa rasuwa cikin 2021, shekara 67 ke nan.

Ga kuma wani abin da yawancinku ba su sani ba. Ɗantunku, jarumin da ya kafa sarautar Kazaure cikin 1819, daga Dambatta ya tashi. Ya yi shekaru yana fafatawa da Ibrahim Dabo, daga bisani Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Yau tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka yanka daga Kano cikin 1991, amma iyakar da aka ja a takarda ba ta raba zumunci ba.

To, ba yaƙi da sarauta kaɗai ne labarin gari ba. Ku dubi gonakin da ke kewaye da shi. A wasu ƙasashe manomi yakan noma fili 'yan shekaru, ya bar shi ya huta. Nan kuwa mutane sun yi yawa, gona ba ta hutu, duk da haka tana ciyad da mai ita, domin kakanninmu sun san sirrin taki. Da rani jakuna ke ɗaukarsa cikin mangala zuwa gona, a jibge shi tuli tuli. Ana shuka gero da dawa, a sa wake ko gyaɗa tsakaninsu, harawar ta zama abincin dabba, dabba ta mayar wa gona da taki. Ga gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya ba awaki abinci. Wannan ilmi ne, ko da yake ba a allo aka rubuta shi ba. Ba banza ba aka kafa makarantar koyon aikin gona a Dambatta, mai sunan Audu Bako, Gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975.

Wanda ke son ya ga garin cikin adonsa, sai ya zo ran Lahadi, ranar kasuwa. Zai ga shanu da tumaki da awaki, waɗansu daga can ƙasar Nijar, ga 'yan fura da nono, ga dillalai suna sallama ciniki.

A ƙasar Italiya akwai wani ɗan gari, Vinci, wanda a gefensa aka haifi mashahurin mai zanen nan Leonardo cikin 1452. Mutanen garin sun tattara labarinsa a gida guda, baƙi na zuwa gani daga ko'ina. Ba su fi mu tarihi ba, adanawa suka fi mu. Namu yawancinsa a bakin tsofaffi yake, kowace shekara kuwa ana kai waɗansu makwanci da abin da suka sani.

Don haka ga aikin da muka ba ku a hutun nan. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi wanda ya sari garin, da inda ganuwa ta bi, da mafarin sunan kowace unguwa, ya rubuta da Hausa yadda aka faɗa masa, kada ya ƙara gishiri. In kun komo, ku kawo wa malamanku. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu dace, amin.