Kuru, Inda Dogo Ya Rabu Biyu

In aka ce Kuru a yau, abu biyu yaranmu ke tunawa: ko dai cibiyar nan ta horar da manyan ma'aikata da aka kafa a 1979, ko kuma abin da ya faru a Kuru Karama a watan Janairun 2010, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga lokacin da yawa cikinmu ba su ƙara taka garin ba. Amma a bakin iyayenmu, Kuru tasha ce, 'yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa gaba da Bukuru, wadda duk jirgin da zai shigo Jos daga Kafanchan sai ya bi ta cikinta.

Kuza ce ta jawo dogo zuwa kan dutsen nan. Kafin jirgi, a ka 'yan dako ke kai ta har Loko, bakin kogin Binuwai. A 1914 ƙaramin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya iso Jos da Bukuru. Shi ya sauke kakannin wasunmu, wasu kuwa sun riga shi zuwa da ƙafa. An rufe shi a 1957, don tun 1927 babban dogo ya hauro daga Kafanchan ya haɗa mu da Fatakwal. Taminus ɗin da muke zuwa cefane ma, ai daga ƙarshen layin jirgi ta samo sunanta.

Darajar Kuru ta ƙaru ne da aka soma aikin layin Barno a 1958. Daga nan dogon ya ɓalle, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Sai ga ƙaramar tasha da hanya uku a hannunta.

To, layin nan ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke tafiya. Me ya hana su karo? Ga yadda tsofaffin 'yan reluwe na unguwa ke ba mu labari. A ofishin mai tasha akwai wata na'ura da waya ta haɗa da 'yar'uwarta a tasha ta gaba, cikinta da sanduna na ƙarfe. Direba ba ya shiga tsakanin tashoshin biyu sai da sandar wurin a hannunsa. Mai tasha kuma ba ya iya zaro sanda shi kaɗai: sai ya buga ƙararrawa, na can ya amsa, ya saki na'urar daga ɓangarensa. Da an zaro ɗaya, na'urorin biyu sun kulle, babu mai fitar da wata sai an mayar da waccan. Ko gwamna ne a cikin jirgin, haƙuri zai yi.

Mutum biyu ke nan da ba sa ganin juna, wataƙila wannan Ibo, wancan Bayarabe, mai juya layi Birom, fasinjan kuma mu ne da buhunan dankalinmu, rayukan kowa rataye a kan amsar ƙararrawa. Ba mu ce dukansu waliyyai ba ne. An dai gina abin yadda ko mutum ya yi barci, ƙarfen ba zai yarda ba.

Haka ma siginar da ke tsaye nesa kaɗan da tasha, doguwar sanda mai hannu. In hannun ya miƙe sambal, tsaya ke nan. Sai an ja liba daga tasha, waya ta motsa shi, sannan direba ya wuce. Da dare fitilar kananzir ce a bayan gilashi, ja ko kore. Abin da ya fi burge mu shi ne nauyin ƙarfen da aka rataya masa: in waya ta tsinke, nauyin nan zai mayar da hannun kan tsaya da kansa. Tsinkewar waya ba ta cewa jirgi ya wuce.

Yau jirgin Maiduguri ya daɗe da yin shiru, ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama. Wayar sigina da ƙusoshin layi kuwa, a wurin ɗan gwangwan kilo ne kawai. Kada mu yi kamar ba mu san inda ake auna irin wannan ƙarfe ba. Wasu sikelin a lungunanmu suke, masu kawowa kuma 'ya'yanmu ne. Yaron da ya kwance nauyin sigina bai san me ya ɗauko ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa.

Masu iya faɗin suna nan, 'yan kaɗan, a sahun gaba na masallatanmu, suna jiran fansho. Akwai wanda har yanzu in hira ta yi daɗi zai ƙwanƙwasa maka benci da yatsa, ya nuna bugun da ake yi in ana neman hanya daga Kuru zuwa Bukuru.