Kafin Ka Yarda A Yi Wa Laftof Ɗinka Fomat, Karanta Wannan

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan ajin ƙarshe. Rubutun da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, don lokacin furojet ya kama.

Maganar guda ɗaya ce: gyaran kwamfuta daban, ceto abin da ke cikinta daban. Mai gyara burinsa ya miƙo maka laftof tana aiki. Kai kuwa damuwarka babi huɗun da ka yi wata shida kana rubutawa. In ba ka raba biyun nan ba, sai ka biya kuɗi a share maka guminka, har ka yi godiya.

Yawancinmu gwanjo muke saye, kuma da yawa cikinsu har yanzu tsohon faifan ajiya ne a ciki, wanda muke kira had-dis. Faifai ne na gaske da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a samansa, tazararsu ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. To ka haɗa wannan da batirin da ya mutu, wanda da an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu nan take, da ɗaukarta a kunne daga gado zuwa tabarma, da shekarun da ta yi a hannun wani kafin ta zo hannunka. Ai dole wata rana faifan ya gaji.

Kuma yakan yi gargaɗi. Fayil ɗin da ke buɗewa nan da nan ya koma sai ka jira. Kana kwafar abu ya tsaya cik a tsakiya. Windows ta riƙa cewa tana gyaran faifai duk sanda ka kunna. Mu kuma sai mu ce bairos ne.

Haka ta faru da abokin ɗakina a zangon da ya wuce, saura mako uku ya yi difens. Laftof ɗinsa ta yi kwanaki tana nauyi, rannan ta ƙi shiga Windows gaba ɗaya. A ciki akwai babi huɗu, da amsoshin takardun tambaya da ya shigar a SPSS ɗaya bayan ɗaya, da saƙonnin muryar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, waɗanda ya kwashe daga tsohuwar wayarsa kafin ya sayar da ita. Ya kai ta wurin wani mai gyara, aka ce masa ƙaramin aiki ne, fomat za a yi a ɗora sabuwar Windows, ya dawo bayan la'asar. Allah Ya sa ya tambaya: "To fayilolina fa?" Mai gyaran ya ɗaga kafaɗa. Sai ya karɓo abarsa ya dawo ɗaki, ya ce min, "Malam, ni ba kwamfutar ce ta dame ni ba, muryar Baba ce."

Ga abin da muka yi, mu uku da wani ɗan ajin kimiyyar kwamfuta.

Da farko mun daina kunna ta. Faifan da ke mutuwa, kowace kunnawa rage masa kwana take yi. Muka kwance murfin, muka ciro faifan, muka sa shi a ɗan akwatin nan mai USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, muka jona a wata laftof. Nan take Windows ta nuna saƙon cewa sai an yi fomat kafin a iya amfani da shi. Don Allah duk wanda ya ga saƙon nan ya ce a'a. Ma'anarsa kawai tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya rikice, fayilolin kuwa galibi suna nan.

Sai muka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta da ke karanta rahoton da faifan ke ajiyewa a kan kansa, wanda ake kira SMART. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai addu'a. Nasa rawaya ne, kuma layin C5, mai ƙirga guraben da suka ƙi karantuwa, ya tashi daga sifili. Layin 05 shi ma ana dubawa, shi ke nuna guraben da suka riga suka lalace aka musanya su. Daga nan muka tabbatar ba bairos ba ne, faifan ne da kansa.

Saboda haka ba mu taɓa gyara komai a kansa ba. Muka aro faifan waje mai 1TB wanda babu komai a ciki, tunda nasa 500GB ne kuma dole wurin zubawa ya kai shi girma ko ya fi. Muka tashi kwamfutar da Ubuntu daga filash, muka sa ddrescue ta kwafe faifan dungurungum. Abin da ya bambanta ta da kwafin da muka saba shi ne ba ta nacewa a wurin da ya lalace. Tana fara kwashe wuraren lafiya, ta tsallake masu matsala, sai daga baya ta dawo ta gwada su. Kuma tana rubuta inda ta tsaya, don haka da aka ɗauke wuta cikin dare, washegari daga nan ta ci gaba. Abin kiyayewa ɗaya: a tabbatar wanne ne faifan ɗauka, wanne ne na zubawa, don in aka juya su an gama da kai. Mu sai da muka karanta umarnin sau uku kafin a danna.

Kwana biyu aikin ya ci. A kan kwafin muka sa TestDisk, ta nuna manyan fayiloli da sunayensu, muka kwashe zuwa wata kwamfutar. Abin da bai fito ba muka bi shi da PhotoRec, wadda ke tono fayiloli ko da tsarin ya rushe, sai dai ba ta dawo da sunaye, dole ka zauna kana buɗewa ɗaya-ɗaya. Fayil ɗin SPSS ya fito lafiya. Babi na ɗaya zuwa na uku lafiya. Babi na huɗu ya lalace, sai tsohon kwafin da ya taɓa tura wa sufabaiza ta imel ya ɗauko, ya sake aikin kwana biyar. Wasu hotuna sun tafi. Saƙonnin muryar kuwa sun dawo, ban da guda biyu. Da ya kunna na farko, shiru ɗakin ya yi.

Amma a kula, wannan hanya ta faifan da har yanzu ke juyawa lafiya ce. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko ƙarar gurzawa, kashe shi kawai. Alama ce kan karatun ya samu matsala, kuma ci gaba da kunnawa na iya karce faifan. Wannan aikin ƙwararrun ceto bayanai ne masu ɗaki na musamman marar ƙura, da tsada, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ka buɗe cikinsa. Kada ka sa shi a firiza kamar yadda ake yaɗawa, raɓa ce za ta shiga. Kada ka sa masa CHKDSK, don tana rubutu a kan faifan da ke neman hutu. Kada kuma ka zuba abin da ka ceto a kan faifan da ka ceto shi daga ciki.

Masu SSD kada ku saki jiki. Ba ya tsoron girgiza, gaskiya ne, amma yakan mutu ba sallama, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo. In kuma kwamfutarka na da BitLocker, shiga asusunka na Microsoft yau ka rubuta mabuɗin nan mai lamba 48 a takarda, don in babu shi ko ƙwararre ba zai buɗe maka faifan ba.

Mu da ke nesa da gida, laftof ɗin nan ba ta karatu kaɗai ba ce, hotunan biki da suna da takardun shaida duk suna ciki. Google Drive na ba da 15GB kyauta, furojet ɗinka kuwa ko kusa ba zai cinye shi ba. A ƙa'ida kwafi uku ake so, a wurare iri biyu, ɗaya a wajen ɗakinka: na kwamfuta, na filash, da na intanet. Duk daren da ka yi rubutu, tura wa kanka ta imel kafin ka kwanta, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin.

Filashin Ubuntu da akwatin USB suna wurina. Wanda tasa ta fara irin alamomin nan, ya kashe ta, ya same ni a masallaci bayan magariba. 'Yan uwa mata kuma a aiko ta hannun amira. Allah Ya ba mu sa'ar difens, Ya mayar da mu gida lafiya.